Dokin Ƙarfen Da Ake Ɗauka A Hannu

A wurin Bahaushe nauyi yabo ne. Idan aka ce wane mutum ne mai nauyi, to an gama yabonsa, yaron kirki kuwa shi ne mai jin nauyin manya, haka kuma maganar da ba ta da nauyi ba a tsayawa sauraronta a zaure. Wannan ra'ayi ya bi mu har kasuwa. Dubi yadda uwar amarya ke sayen kwanuka da tasoshi, sai ta ɗaga ta jinjina a hannu, in ta ji shafal ta ajiye, ta ce na zamani ne, ba ya ƙarko. Mu kuwa da muka tashi a lokacin da keke ke da daraja, mun ga yadda dattawa ke sayen Raleigh, wanda muke kira Rali. Mutum zai kama sirdi da kai, ya ɗaga shi sama kaɗan, ya sake shi ya dira, sannan ya saurari ƙarar. In ya ji dim, sai ya gyaɗa kai, a shiga ciniki. Keken nan, wanda asalinsa daga birnin Notingham na Ingila ya fito, da ƙarfensa ya yi suna. Zai ɗauki mai shi da buhun gero a kariya ya kai su kasuwar ƙauye, ya yi shekara ashirin yana wannan aiki, daga bisani a sa shi cikin rabon gado.

Na kawo wannan ne domin mai karatu ya gane irin kokawar da na yi da zuciyata a farkon shekarar 2025, sa'ad da na shiga neman keken lantarki a birnin Landan, kuma abin da nake tambayar masu kanti shi ne su nuna mini wanda ya fi kowanne rashin nauyi. Ni kaina in na ji tambayar ta fito daga bakina sai in ji wani iri, kamar mai zuwa kara yana neman ragon da ya fi rama.

Ga yadda abin yake. Ina zaune ne a kudu maso gabashin birnin, a saman wani tudu da ke bayan unguwar Abbey Wood. Tun watan Mayu na 2022, da aka buɗe sabon layin dogon nan mai sunan Sarauniya Elizabeth, jirgi kan ɗauke ni daga tashar Abbey Wood, ya ratsa ƙarƙashin kogin Tems da tsakiyar gari, ya sauke ni a Paddington cikin kimanin rabin awa, tafiyar fiye da kilomita 20. Wannan kam sai hamdala. Inda gizo ke saƙar shi ne kai da gindin tafiyar. Daga gida zuwa tasha akwai kamar kilomita biyu da rabi, daga Paddington zuwa wurin aikina kuma kamar huɗu. In na haɗa jiran bas da cunkoson hanya, waɗannan 'yan kilomitoci shida da rabi sukan ci lokacin da ya fi na jirgin kansa. Keke na gargajiya da ya isa ya raba gardama, to amma hanyar da ke hawa tudun namu sunanta Knee Hill, wato Tudun Gwiwa in an fassara, kuma ko me mai raɗa sunan ya nufa da shi, gwiwata ta hagu ta gaskata shi. Da safe gangara ce, sai dai ka riƙe birki. Da yamma, bayan mutum ya wuni a wurin aiki, nan ake yin ta.

An ba ni shawarwari. Wani ya ce in sayi keke in riƙa ɗaure shi a tasha. Na ce keken lantarki mai tsada a bar shi awa goma a bakin titi a garin da ake satar kekuna dubbai kowace shekara, ai an ba kura ajiyar nama ke nan, ga shi kuma bai magance ɗaya ɓangaren tafiyar ba. Wani ya ce in riƙa hawan na haya, waɗanda ke zube birjik a tsakiyar gari ana buɗe su da waya. Suna da amfani, amma ba abin da magidanci zai dogara da shi ba ne a bayan gari da sassafe, kuma kuɗin minti-minti in ka tara shi a ƙarshen wata sai ka riƙe baki. Saboda haka magana ta tsaya a kan keke guda, wanda zai kai ni tasha, ya shiga jirgi tare da ni, ya fita tare da ni.

Akwai wani abu a dokar Birtaniya da ya sauƙaƙa mini tunani. Kafin a kira abu keken lantarki, har a bar mutum ya hau ba lasin ba lamba ba inshora, dole ya zama yana da feda, ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma injin ya daina taimakawa da zarar gudu ya kai mil 15.5 a awa, wato kilomita 25. Mahayin kuma ya kai shekara 14. Duk abin da ya haye wannan, a idon doka babur ne. Ashe ke nan kekunan da ke jere a kanti, da na fam ɗari takwas da na fam dubu biyar, doka ta riga ta yi musu linzami ɗaya. Ba wanda zai kai ka da sauri fiye da wani. Abin da ya rage a zaɓa shi ne girman batir, da ingancin ƙira, da nauyi.

Masu kanti kuwa zancen batir suka fi so. Wani saurayi ya jawo mini wani ƙosasshen keke mai faffaɗar taya, ya ce caji ɗaya zai kai ni kilomita ɗari. Na ce madalla, kilo nawa ne? Sai da ya duba takarda, ya ce 26. Mai karatu, in kana son ka san kilo 26, ka tuna jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25, cike fal, ka ƙara mata ɗan bulo a kai. To ita ma jarkar ta fi daɗin ɗauka, domin tana da mariƙi, ba ta da feda mai dukan ƙwauri, kuma in ta kama ana iya aza ta a ka da gammo. Keke ba ya hawa kai. A gefe guda ake ɗaukarsa da hannu ɗaya, jiki ya karkace, ɗaya hannun yana laluben makarin tsani. Akasarin kekunan lantarki da na gani tsakanin kilo 22 ne zuwa 28, kuma a kan titi ba ka jin ko ɗaya, tun da inji ne ke ja. Sai ka sauka, ka tsaya a gindin matakala, sannan doki ya ce to yanzu kai ma ka goya ni.

Gidanmu a bene na biyu yake, ba lif, matakala 38 ne daga ƙofar waje. Da na zauna na ƙirga, sai na ga a rana zan ɗaga keken nan akalla sau takwas: saukowa daga gida, shiga jirgi, fita, hawa daga ƙarƙashin ƙasa, matakalar wurin aiki, sannan a sake maimaitawa da yamma. A shekara ya tasam ma sau dubu biyu. Gaskiya ne duk tashoshin layin Elizabeth suna da lif, amma lif ɗin nan akwai masu keken guragu da tsofaffi da mata masu tura jarirai da matafiya masu akwatuna, kuma duk sun fi ni haƙƙi. Ranar da tafiya ta kai ni wani layin kuwa, a cikin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa 272 kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake shiga ba tare da taka matakala ba.

Lambar da ke kan takarda ba ta gaya wa mutum abin da gwiwarsa za ta ce, don haka na nemi ma'aunin kaina. An yi sa'a lokacin ƙarshen watan Fabrairu ne, an yi cefanen azumi, akwai shinkafa a gida 'yan buhuna masu kilo goma da masu kilo biyar. Sai na ɗauko tsohuwar jakar tafiya na riƙa loda su a ciki, ina sauka da ita ƙasa ina hawowa, da hannu ɗaya. Ban yi gwajin da safe ba, lokacin da jiki ke da sauran ƙarfi. Sai da na dawo daga aiki a gajiye, domin a wannan hali ne za a riƙa hawan na gaskiya. Kilo goma wasa ne. Sha biyar na kai gida ban tsaya ba. Ashirin sai da na huta a tsakiya na sauya hannu. Ashirin da biyar na kai, amma gwiwar ta kwana tana yi mini tsiya, washegari kuma da ƙyar na yi ruku'u. Kwana huɗu ina wannan, har wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambaye ni ko tashi za mu yi. Yara kuwa suka sami abin kallo, suna zaune a saman matakala suna ƙirga mini. A ƙarshe dai na sami adadina: kada abin ya wuce kilo 17 ko 18. Na kuma gano wani abu da ban sa rai da shi ba. Idan na raba kayan, na rataya kilo uku a kafaɗa na riƙe sha huɗu a hannu, ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba a kan sha bakwai a dunƙule.

Daga nan sai lissafin batir ya zo da sauƙi. Ana auna abin da batir ke ɗauka da wat-awa, kuma wat-awa dubu shi ne yunit ɗaya na mitar wuta da muka sani. Keken da mahayinsa ke taka feda yakan sha tsakanin wat-awa biyar zuwa goma a kowane kilomita, gwargwadon tudu da iska da nauyin mutum. Tafiyata ta yini kilomita 13 ce, zuwa da dawowa. Ko da na ɗauki mafi tsanani, wat-awa 130 ke nan. Ƙaramin batir mai 300 zai yi mini kwana biyu har da saura, cajinsa kuma bai kai sulusin yunit ba. To me zan yi da batirin kilomita ɗari? Jirgi ne zai yi doguwar tafiyar, shi aka gina domin ta. Duk wat-awar da na saya ban yi amfani da ita ba ƙarfe ne da zan riƙa hawa bene da shi kullum, kamar mai zuwa unguwa ya ɗauki guzurin Makka.

Ina cikin wannan lissafi uwargida ta kawo nata, wanda ya fi nawa nauyi. Ta ce, "Malam, ni ba ruwana da kilo nawa ne. Abin da nake so in sani, a ina zai kwana?" Ta ga hoton bidiyon nan na watan Maris na 2024, inda wani keken lantarki ya yi bindiga ya kama da wuta a dandamalin tashar Sutton, mutane na gudu. Tana da gaskiya. Hukumar kashe gobara ta Landan ta ƙirga gobarar keken lantarki fiye da 140 a shekarar 2023 kaɗai, kuma a shekarar mutum uku suka rasa rayukansu a irin wannan wuta. Batirin litiyam 'yan ƙananan batura ne da yawa a jere. In ɗaya ya lalace ya ɗauki zafi, sai ya zafafa na kusa da shi, shi ma ya zafafa na gaba, cikin 'yan daƙiƙoƙi abin ya zama wuta mai tsiri da hayaƙi mai guba, wadda ruwan bokiti ba ya kashewa. Shawarar 'yan kwana-kwana ita ce kada a yi caji ana barci, kada a yi shi a hanyar fita, kuma kada a yi amfani da cajar da ba ta batirin ba. Gida irin namu mai ƙofa ɗaya, in keke ya kama wuta a soro, ta ina za a fitar da yara? Muka yi yarjejeniya: batirin ya zama mai cirewa, na kamfanin da ya ƙera keken, a yi cajinsa a kan tayil ɗin kicin bayan magariba ido na ganinsa, a zare kafin a kwanta. Sharaɗinta da sakamakon gwajin shinkafata sai suka haɗu a wuri ɗaya, domin batir mai cirewa shi ne wanda za a rataya a kafaɗa.

Sai kuma hukuma ta yanke sauran. A watan Fabrairu na 2025 wani keken ya sake kamawa da wuta a dandamalin tashar Rayners Lane, ƙungiyar direbobin jirgi ta tayar da jijiyar wuya, hukumar sufurin Landan kuma ta sanar da cewa daga ranar 31 ga Maris, ana cikin hidimar ƙaramar Salla, an hana shiga jiragenta da duk wani keken lantarki in ba mai naɗewa ba ne. Dalilin da ta bayar shi ne kekunan da aka saya musu inji da batir daban aka ɗaura sun fi saurin kamawa da wuta, ma'aikacin tasha kuwa ba zai iya bambance su da na asali da ido ba, alhali masu naɗewa ba kasafai ake yi musu irin wannan ɗori ba. Da ma ko kafin nan keken da ba ya naɗewa ba a barinsa a jirgi a lokutan cunkoson safe da yamma, wato daidai lokacin da ma'aikaci ke bukatarsa.

Ban ga laifin dokar ba. Wanda ya taɓa tsayawa a cikin tarago cike da mutane a ƙarƙashin kogi ba zai so a yi gwajin wuta a wurin ba. Amma ba zan ɓoye ba, ta tsaya mini a rai, domin na san su wa ta fi faɗa wa. Samarin nan ne masu kai abinci gida-gida, da yawansu baƙi ne irinmu, waɗanda ba su da fam dubu biyu, sai su sayi tsohon keke su ɗaura masa inji mai araha daga intanet, su wuni a kan titi cikin ruwa da sanyi, da dare kuma su shiga da shi ɗakin haya su jona. Su ne wutar ta fi ci, su ne kuma aka fara tsayarwa a ƙofar tasha. Keken da doka ta bar wa hanya shi ne wanda ba su iya saye.

Domin kuwa rashin nauyi tsada ne da shi. Kasuwar keke kamar teburin mahauci ce, tsoka zalla ta fi mai haɗe da ƙashi kuɗi, abin da aka cire shi kake biya. Masu naɗewa na ƙasa da fam dubu da na ɗaga, yawancinsu sun haura kilo 20, in an naɗe su kuma sai su zama wani ƙullin ƙarfe da ba shi da mariƙi. A ɗaya gefen ga Brompton, wanda Andrew Ritchie ya fara ƙerawa a 1975, ake kuma haɗa shi a yammacin Landan, na lantarkinsa ya kai wajen fam dubu uku. In ka ce a sauya maka ƙarfe da tayitaniyam don a rage kilo biyu, sai a ƙara maka kuɗin da zai sayi wani keken sukutum. Abin da ya cece ni shi ne wani tsari da gwamnatin Birtaniya ta kawo tun 1999, inda ma'aikaci ke samun keke ta hannun wurin aikinsa, a riƙa cire kuɗin wata-wata daga albashi kafin a yanki haraji.

Ba zan faɗi sunan wanda na saya ba, kada a ce mujallarmu ta fara talla. Tayarsa inci 16 ce, nauyinsa duka kilo 17, batirin da 'yar jakarsa sun kusa uku daga ciki, kuma ina naɗe shi kafin mutum ya gama ɗaura igiyar takalmi. Yana da irin na'urar nan mai jin ƙarfin da ƙafa ta sa a feda, in ka taka a hankali ya taimaka a hankali, in ka danna ya danna, don haka ba ya fizgar mutum a cikin jama'a. Na biya wani abu a madadin wannan sauƙi, ban da kuɗi. Ƙaramar taya ba ta yafe rami, duk wanda ka faɗa sai ka ji shi a haƙora. Ba keken ɗaukar buhu ba ne. Tafiya in ta wuce awa guda, jiki zai gaya maka. Ga kuma abin da ya shafi mutunci, domin babban mutum da jamfa da hula a kan 'yan tayoyin nan abin kallo ne. Akwai wani dattijo ɗan garinmu, direban tasi ne a nan tun ina makaranta a gida, da ya fara ganina a ƙofar masallaci ran Juma'a sai da ya riƙe ciki. Ya ce, "Malam, ina mai keken? Don Allah mayar wa yaron nan kayansa kada ya yi kuka." Ya shiga ba ni labarin Ralin mahaifinsa, wanda har yanzu yana nan. Na ce, "Alhaji, Ralin Baba ai a zaure yake kwana. Nawa sai ya hau bene biyu." Ya sa hannu ya ɗaga shi, ya jinjina, ya taɓe baki ya ce ba ƙarfe. Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni lafiyar jaririn.

'Yan'uwana marubuta za su fi kowa gane abin da ya sa na yi duk wannan wahala. Mai aikin albashi da iyali ba shi da wani lokaci da aka ware masa na rubutu, sai abin da ya tsinta. Keken nan ya mayar mini da wajen minti arba'in da biyar a kowace rana, waɗanda da a bakin titi nake zubar da su ina leƙen bas. Bugu da ƙari, da yake yanzu ni ke da iko da lokacin isata tasha, kuma daga Abbey Wood jirgin ke tashi, kusan kullum ina samun kujera. In zauna, in tura keken tsakanin ƙafafuna, in aza littafin rubutu a gwiwa. Rabin awa ne cur, ba mai kira, ba mai aike. Wani labari da ya shekara uku a aljihun tebur, a tsakanin Woolwich da Whitechapel ya sami babinsa na bakwai da na takwas.

Da yamma kuma in na fito tasha, in buɗe keken, in sa batir, in fuskanci Tudun Gwiwa. Ina taka feda kamar mai tafiya a fili, injin yana 'yar ƙara ƙasa-ƙasa, itatuwan dajin Lesnes suna wucewa ta hagu. Hunturu ne kawai ke kawo cikas. Sanyi yana rage wa batir kuzari, don haka a watan Disamba da Janairu kullum nake caji maimakon bayan kwana biyu, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma. Ranar da ƙanƙara ta kwanta a kan tudun kuwa ba na jayayya da ita, keke ya wuni a naɗe a bayan ƙofa, ni kuma in sa babbar riga in bi layin bas tare da sauran bayin Allah.